Waƙar da Na Haifa, Aka Ce Na Sato Ta

Salama a gare ku cikin sunan Yesu. Ku yabi Ubangiji!

Sunana Saratu, ni nake jan waƙa a zumuntar mata ta nan Unguwar Dosa. Kun san muna da shafi a intanet, inda muke ajiye waƙoƙinmu. A ciki akwai muryoyin matan da suka riga mu gidan gaskiya, har da Mama Ladi, wadda ta koya mini buga tulu. Ba mu da su a wani wuri sai nan.

Kwatsam aka turo saƙo wai mun saci waƙa. Wace waƙa? Wadda na yi a gadon asibiti lokacin da na rasa ciki! Wai wani mawaƙi, Bitrus, ya yi mata rajista da kamfanin da ke rarraba waƙoƙi, yanzu na'ura duk inda ta ji muryar waƙar sai ta ce tasa ce. Suka sauke faifanmu ɗaya, suka sauke na biyu. Suka ce saura gargaɗi guda a rufe shafin baki ɗaya, kuma waƙar tana cikin wasu faya-fayan namu.

Aka ce in kawo hujja. Jama'a, mu a zumunta wa yake rubuta sunansa a kan waƙa? Ka yi, ka koya wa 'yan'uwa a babban taro, su tafi da ita garuruwansu, shi ke nan.

Jinina ya hau. Ko waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, in ce an rufe. Abinci ya daina shiga. Kuma kun san bakina, na riga na shirya wa yaron nan maganar da sai ya yi da-na-sanin haihuwarsa.

Uwar zumunta ta riƙe hannuna ta ce, “Saratu, durƙusa tukuna.” Na durƙusa ina huci, na ce, “Ya Uba, kai ka ba ni waƙar nan ina kuka. Ba ni da takarda, kai ne shaidata.” Ina tashi na ji zafin ya sauka.

Muka ɗaura zanen zumunta, muka sami Bitrus a situdiyonsa a Kurmin Mashi. Ya tsare ƙofa ya ce, “Mama, waƙar gargajiya ce, ba ta da mai ita. Wanda ya riga rajista shi ke da ita, haka doka take.”

Da ni ce ta da, da an ji mu har Rigasa. Sai kawai na ji bakina ya ce, “Ɗana, a wurin wa ka ji ta?”

“Wurin mahaifiyata.”

“Kira ta.”

Ya kira, ya buɗe murya kowa na ji, ya tambaye ta inda ta samo waƙar. Na san in ta ce ba ta sani ba, mun gama.

Ta ce, “Wannan ai ta wata Saratu ce 'yar Kaduna. Ita ta koya mana a taro, tana yi tana share hawaye. Me ya faru?”

Na ce, “'Yar'uwa, ni ce Saratun.”

Ta yi salati irin namu, ta kira sunan Yesu, sannan ta ce, “Bitrus, me ka yi wa baiwar Allah?”

A gabanmu ya zauna ya janye ƙarar. Ban karɓe masa waƙar ba, na ce ya ci gaba da rerawa, amma ya bar mu mu ma mu rera.

Shafinmu yana nan. Jiya na kunna na ji Mama Ladi tana buga tulunta, na yi kuka har na gode wa Allah. Halleluya!

'Yan'uwa, in an ce ku kawo shaida kuka duba ba ku da ko ɗaya, ku durƙusa. Ni tawa shaidar, a gidan wanda ya kai ni ƙara Ubangiji ya ajiye ta. Yabo ya tabbata gare shi. Amin.