'Yan Dubiya Sun Cinye Datar Inna

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Daga Ƙofa nake rubutowa, kuma raina a jagule yake.

Yayana Babangida da ke aiki a ƙasar waje ya aiko mana da na'urar intanet mai cin layi biyu, don ya riƙa ganin Innarmu ta bidiyo tunda ciwo ya kwantar da ita. Mai gyara a Kankiya ya saita ta: in datar layin farko ta ƙare, sai ta koma na biyu da kanta. Na biyun na Inna ne, ba mai taɓa shi.

Ran Juma'a 'yan dubiya suka cika gidan. Wani ɗan kawunmu ya ce, "Yaya, ɗan ba mu lambar shiga intanet ɗin mana." Wa zai hana wanda ya zo duba uwarsa? Na ba shi, ta zagaye zaure. Layin farko ya ƙare, na'urar ta koma na Inna shiru, ba ta gaya wa kowa ba.

Washegari jikinta ya rikice. Ta ce, "Ku kira min Babangida in gan shi." Na duba, datar layin Inna ma babu ko ɗigo. Na hau babur zuwa Kusada sayen kati. Ina dawowa na tarar ana salati.

Masu sauraro, akwai yadda za a sa wannan abu ya tambayi mutum kafin ya koma layi na biyu? Ku faɗa don wasu su amfana. Ni kam na loda katin, datar na nan, amma ba Innar da zan nuna wa Babangida.