A Buɗe wa 'Yan Lauje Ƙofa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Fiyayyen Halitta, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan zama, Ustaz Abdelaziz, shugaban lajna, wato kwamitin da ke tsara wasannin kofi. 'Yan lajna da ke zaune damansa da hagunsa. Limamanmu da shehunnan unguwanni. Shugabannin ƙungiyoyin ƙwallo, na nan Gadarif da baƙinmu da yaƙi ya koro daga Hartum da Jazira. Iyayenmu mata da ke can baya ƙarƙashin rumfa. Samarin da suka ɗare katanga saboda kujeru ba su kai kansu ba. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina gode wa Allah da Ya kawo mu wannan rana. Ina gode wa lajna da ta ce kafin ta yanke inda za a buga wasan kusa da na ƙarshe ranar Juma'a, duk mai magana ya tashi ya yi. Na san da aka faɗi haka ba a yi zaton irina zai tashi ba. To, na tashi.

Sunana Usumanu. Da yawanku kun san fuskata ba ku san sunana ba, Baba mai mesa kuke ce mini. Ni ne ke shayar da ciyawar babban filin nan, ni ke aske ta, ni ke zuba mata farin layi, ni ke riƙe da mabuɗin ƙofa, shekara ashirin da shida ke nan. Tun da yaƙi ya rufe filayen Hartum aka riƙa kwaso manyan wasanni ana kawowa nan, har mutane suka koma ce masa filin ƙasa. Madalla da sunan. Tambayata guda ce: wace ƙasar? Mu mutanen unguwar Bayan Dogo muna cikinta, ko a bayan katangarta muke?

Magana uku ke tafe da ni. Biyu naku ne, ɗaya tawa ce.

Ta farko lissafi ce, kuma ba a takarda na samo shi ba. A ɗakin da nake ajiye kayan aiki, duk ranar da na zuba layi don wasan kofi sai in tsoma yatsa a farar ƙasa in shafa zane guda a bango. Duk mai shakka, ɗakin na nan, gani ya kori ji. A da, shekara takan ƙare da zane shida ko bakwai. Bana kaɗai zane talatin da ɗaya ne. Masu koriyar riga sun shiga sau goma sha ɗaya. Masu farar riga sau tara. Masu ratsi sau bakwai. Huɗun da suka rage aka yayyafa wa sauran. Ƙungiyar Lauje, ta unguwar Bayan Dogo, ta 'ya'yan masu yankan riɗi da dawa, sau nawa? Ku faɗa mana, ku da ke kan katanga! Ko sau ɗaya. Ba bana ba, ba bara ba, ba a duk shekarun da na yi ina tsoma yatsa a bokitin nan ba.

Daga ƙofar gidana ana hango fitilun filin. Matan unguwarmu sai sun tare mai amalanken jaki su sayi ruwa, ciyawar nan kuwa tana shan tanka guda kafin hantsi, da hannuna nake ba ta. Ba mu taɓa yin ƙorafi ba. Cewa muka yi abin garinmu ne, wata rana 'ya'yanmu za su taka. Ashe inuwar giginya muke raino, na nesa ka sha. Kuma kada baƙinmu su ji a ransu. Wanda ya baro gidansa da rigar jikinsa, in ya samu wurin da zai buga ƙwallo ya manta baƙin ciki na sa'a biyu, wallahi mun yi masa murna. Ba mu ce a fitar da kowa ba, cewa muka yi a shigar da mu.

Shekara da shekaru ana gaya mana dokar kofi ce: sai wanda ya kai zagayen ƙungiya takwas yake shiga babban fili. Muka ce mun ji. Yaranmu suka ci gaba da bugawa a kan tsakuwa, ana fitar da su, suna komawa gona. Bana Allah Ya nufa suka kai.

Wannan ya kawo ni magana ta biyu. Ranar da lajna ta sa musu, Alhamis ce a tsakiyar yankan riɗi. Ya Ustaz, kai mutumin Hartum ne, ban ga laifinka ba in ba ka sani ba, amma akwai 'yan gari a teburin nan da aka yaye su da kuɗin simsim, wato riɗi. Riɗi ba ya jiran kowa. In ya nuna, kwana kaɗan ne, ko ka yanke ka ɗaure ka jingine shi tsaye ya bushe, ko ya buɗe baki ya zubar da kansa a ƙasa. Daga cikin 'yan wasa goma sha takwas, goma sha ɗaya suna can gonakin Ƙala'at an-Nahal, kowa ya karɓi yankinsa, kuma mai gona ba ya sallamar mutum sai ya kai ƙarshen kunya. Muka roƙi a ɗaga mana kwana goma. Aka ce tsari ba ya motsi. Watan jiya kuwa an motsa shi sau biyu saboda mai tsaron gidan masu koriyar riga ya yi mura!

Me Bayan Dogo ta yi? Ta yi abin da ta gada. Aka kira gayya, nafir kamar yadda maƙwabtanmu ke cewa. Wadda ta kira ta yayata ce, Hajja Jummare, uwar Hafizu kyaftin ɗin Lauje, ga ta can zaune a layin farko na mata. Shekarunta sittin da huɗu. Ta bi gida gida da laujenta a hannu tana cewa, “Duk wadda ta taɓa cin asida da Hafizu ya nomo dawarta, ta fito.” Lori biyu suka cika. Mahauta suka rufe rumfa, Bakhita mai shayi ta ɗauki tukunyarta da gawayinta ta bi su. Har Malama Manahil, wadda ta zo mana daga Hartum ba ta taɓa riƙe lauje ba, ta hau mota. Kwana uku suna sunkuye a rana. Hannun Malama ya yi ƙurji ya fashe, ta naɗe shi da gefen mayafi ta ci gaba. Ranar Laraba da la'asar aka ɗaure damin ƙarshe, aka sallami yara goma sha ɗaya.

Don me suka sha wannan wahala? Don kofi? Kofin da ko kunu ba a sha da shi? Sun yi ne don su shiga ta ƙofar nan sau ɗaya, su zauna a kan siminti, su ga 'ya'yansu a kan ciyawa. Sun yi ne don Hafizu, mai shekara talatin da biyar, wanda likita ya ce gwiwarsa ta gama, wannan ne kofinsa na ƙarshe. Tun yana ɗan shekara tara yake leƙen ciyawar nan ta tsagar ƙofa, kawunsa na ciki da mesa, bai taɓa cewa a bar shi ya taka ba.

Yanzu magana ta uku, tawa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni yau nawa zan fara hangowa.

Ranar Litinin ta wancan makon ina cikin ban ruwa wani ɗan lajna ya zo, ba zan kama sunansa ba, yana nan yana jina. Ya kira ni baffa da Larabci, ya ce, “Ammi Usumanu, ciyawar nan za ta ɗauki wasa biyu, Alhamis da Juma'a?” Ni kuwa an taɓo mini inda nake ji da kaina. Na gyara tsayuwa na ce, “Ciyawa rai gare ta, ɗana. In ana son ta yi kyau a bar ta ta huta.” Ya ce shukran, ya tafi. Ban tambaye shi wane wasa za a cire ba. Shekara ashirin da shida in an tambaye ni ciyawa, ciyawa nake amsawa, ban taɓa ɗaga kai na dubi wanda zai taka ta ba. Na san Alhamis ta Lauje ce, na san Juma'a ta manya ce, amma kan nan nawa mai furfura bai haɗa biyun ba.

Alhamis da azahar aka miƙo mini takarda: a kulle ƙofa, an mayar da wasa filin ƙasar da ke bayan kasuwar shanu. Ban gama juya ta ba sai ga lori biyu, kai tsaye daga gona, da kiɗa da guɗa, ko wanka ba su tsaya yi ba. Yayata ta sauko, hannuwanta a kumbure. Ta ce, “Usumanu, buɗe mana.” Na ce, “Yaya, an hana.” Ta ce, “Wa ya hana?” Na miƙa takardar. Malama Manahil ta karɓa tana karantawa da ƙarfi, da ta kai layin ƙarshe sai ta tsaya. Yaya ta ce, “Ƙarasa, 'yata.” Ta ƙarasa: bisa shawarar mai kula da fili.

Ya jama'a, wannan matar ita ta goye ni lokacin da uwarmu ta rasu a gonar auduga. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Kallona ta yi ta ce, “To, ciyawarka ta huta lafiya, Usumanu. Mu da ba ciyawa ba bari mu ƙarasa.” Ta juya ta hau lori. Yau kwana goma sha biyu, in na yi sallama a gidanta ta amsa sallama, daga nan ba ta ƙara ko kalma.

Suka je bayan kasuwar shanu. Sai da aka kore awaki aka tsince ƙaya kafin a fara. Suka ci biyu da ɗaya suka haye wasan kusa da na ƙarshe, Hafizu ya jefa ta biyun yana ɗingishi. Ni ban gani ba. Ina zaune a bakin ƙofa ina gadin ciyawar da ba kowa a kanta.

Na ɗauki nawa laifin, amma ba zan ɗauki naku ba. Tambaya aka yi mini da rabin baki, aka ɗauki amsar tsoho aka mayar da ita kwaɗo aka garƙame wa danginsa ƙofa. Wannan adalci ne? Da an ce mini, Usumanu, ko ciyawa ko 'yan Lauje, wallahi tallahi da na ce a taka ta har ta koma turɓaya, in sake shuka ta da hannuna. Sau goma sha ɗaya masu koriyar riga suka shiga, har kwana biyu a jere sun taɓa yi, ba wanda ya zo tambayata ko ciyawa ta gaji. Sai ranar masu lauje aka tuna rai gare ta! Kuma yanzu raɗe-raɗi ya iso mana cewa wasan Juma'ar nan ma bayan kasuwar shanu za a kai shi, wai takalman 'yan gona suna ɓata fili. Haba! Riɗin da ƙafafun nan suka tsaya a kansa shi ya gina rabin garin nan.

Abin da muke nema ba shi da yawa. A buga wasan Juma'a a babban fili kamar yadda dokarku ta ce, ku kuka rubuta ta ba mu ba. Nan gaba kuma, kafin a sa rana, a tambayi manomi ɗaya yaushe ake yanka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tunda kun rubuta cewa shawarata kuke bi, ga shawarar mai kula da fili, a gaban limamai da shehunnai, a rubuta ta da manyan baƙi: ciyawa za ta ɗauka. Da safen nan na aske ta, na zuba mata layi fari tas, ba wanda ya sa ni. Na kuma tsoma yatsa na shafa zane na talatin da biyu a bango, na Lauje ne.

Ga mabuɗin, ya Ustaz, na ajiye shi a gabanka. In Juma'a a nan ne, ka mayar mini in buɗe ƙofar da hannun da ya kulle ta. In kuwa bayan kasuwar shanu ne, ka riƙe abinka, ka nemi wanda zai hau ya goge zanen, don ni ba zan goge ba. Can za ku same ni da tsintsiya ina tsince ƙaya.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya kashe wutar yaƙin nan, Ya mayar da kowa gidansa da filinsa. Allah Ya sa albarka a riɗin bana da hannuwan da suka yanke shi. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin gaskiya ko da a kan ƙaramin abu ne, Ya raba mu da amsa tambayar da ba mu ji ƙarshenta ba. Allah Ya mayar da kowa masaukinsa lafiya.

Yaya Jummare, mabuɗin nan shi kaɗai na mallaka, ga shi can a kan tebur. Gobe da safe zan zo in yi sallama.

Na gode.