Allurar Ruwan Gishiri da Na Yi wa 'Yar Talatu

'Yan'uwa, salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da ku. Sunana Iliya. Yawancinku kun san ni da wanki da guga a wajen Ƙofar Ran, amma akwai tsofaffi biyu ko uku a wannan taro na maza da suka san lokacin da ake ce mini Likita. Labarin wancan likitan zan ba ku, kuma ba mai daɗi ba ne.

Na zo Bauchi daga ƙauyenmu na kudu ina saurayi, da baftismata da littafin waƙoƙina. Wani dattijon ikilisiya ya samar mini aiki a asibiti. Aikin nawa shara ne, da dafa sirinji, da kwashe kwalaben maganin allura na fanisilin waɗanda aka gama da su. Iyakar karatun likitancina ke nan.

A shekarun nan kafin a sami 'yancin kai, mutane sun ɗauki allura tamkar ita ce ƙarshen magani. Ka ba mutum ƙwaya, sai ya ga ka raina ciwonsa. Mutanenmu kuwa sun ƙara da cewa allurar da ta yi zafi ita ce mai aiki. Ga shi suna tsoron asibiti, domin Hausarsu ba ta kai ba, kuma ba sa son a yi musu dariya a layi. Ni kuwa yarenmu ɗaya da su, ina da farar riga, ranar Lahadi kuma suna ganina a gaba ina ba da waƙa.

Sai na ɗauke wani tsohon sirinji na kai ɗakina. Kwalaben da aka ce in zubar, nakan zuba musu ruwa in girgiza, ɗan farin da ya liƙe a gindi ya sa ruwan ya yi kama da magani. In ƙara gishiri don ya yi zafi. Mutum ya fita yana ɗingishi yana sa mini albarka. Wani ya kawo kaza, wata ta kawo acca ko ƙwai. Yawancinsu suna warkewa, don dama ciwon mai tafiya ne da kansa. Waɗanda ba su dawo ba, ban taɓa tambayar inda suka shiga ba.

Matata Saratu ta yi magana sau ɗaya. Ta ce, "Maigida, wannan kazar ba ta wuce mini a wuya." Na ce to ta ci tuwo da miyar kuka. Daga ranar ba ta sake cin naman ba.

Shekara uku ina haka. Ban ji tsoro ba, ban ji kunya ba. Gaskiya, gani nake ina da wayo.

Wata mace ta zo, zan kira ta Talatu ko da yake ba sunanta ba ne. Mijinta lebura ne, ya bi aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, ya bar ta a gari da 'yarsu mai shekara biyu. Yarinyar tana tari, jikinta kamar wuta, haƙarƙarinta na shiga yana fita. Na sha ganin irin wannan a asibiti, na san ainihin fanisilin take bukata, na kuma san ba ni da shi. Duk da haka na yi mata tawa allurar a ɗuwawu. Washegari na ƙara.

Rana ta uku, da la'asar, Talatu ta dawo. Yarinyar ta daina kuka, kuma wurin allurar ya kumbura ya yi tauri. Na zuƙo ruwana kamar kullum. Sai Talatu ta ce da yarenmu, "Ɗan'uwa, dakata mu yi addu'a tukuna. Jiya mun manta, wataƙila shi ya sa."

Ta durƙusa, ta kama hannuna na dama, wanda ke riƙe da sirinjin, ta rufe ido. Ta gode wa Allah da ya ajiye mata ɗan ƙasarsu a garin da ba ta san kowa ba. Ta roƙe shi ya tsare wannan hannu, ya ƙara masa ƙarfi saboda marasa gata. Da ta gama ta ce, "Kai ma ka yi, ka fi ni sanin Littafi."

Na buɗe baki na ce, "Ubanmu." Daga nan maganar ta tsaya. Ni da nake addu'a a coci har mutane su gaji da cewa amin, na rasa kalma ta biyu. Abin da na gane a lokacin ɗan kaɗan ne: wanda nake kira Uba, shi ne uban yarinyar nan, kuma yana kallon abin da ke hannuna. Na ji tsoro ƙwarai. A zuciyata na ce, "Yesu, ka fitar da ni daga wannan, ko me zai biyo baya."

Na ce, "Talatu, ruwa ne. Ruwa da gishiri. Na jiya da na shekaranjiya ma haka."

Na zaci za ta yi ihu ta tara mini unguwa. Ta dube ni kawai, ta goya 'yarta, ta ɗaure zani. Ta ce, "Wuce gaba ka nuna mini ƙofar da ake shiga."

A asibiti malamin da ke bakin aiki ya tambayi abin da aka ba yarinyar a gida. Da na yi shiru, da babu mai sani. Na faɗa masa duka, don kada ya yi magani a duhu. Ya ce, "Iliya, kai?" Ya juya kan yarinyar. Washegari aka karɓe farar rigar aka sallame ni, ikilisiya kuma ta sa ni horo, na yi shekara a bencin baya. Duka biyun daidai ne.

Yarinyar ta rayu, yabo ga Ubangiji. Amma allurata ta taɓa jijiya. Har yau tana jan ƙafar hagu.

Tun daga lokacin, kafin in fara wanki, nakan tsaya a ƙofar asibiti da safe in yi wa mutanenmu tafinta, in raka su har gaban malami. Ba na karɓar ko goro. Ba ina faɗa don ku yaba mini ba. Wannan bai miƙe ƙafar kowa ba.

Bayan wata shida na je neman gafara. Talatu ta ce ta yafe saboda Yesu, amma da sharaɗi ɗaya: ita ba za ta faɗa wa 'yarta ba, ran da yarinyar ta tambaya, ni zan zo in faɗa da bakina.

'Yan'uwa, kowannenku akwai wanda ya dogara da shi don bai san hanya ba: baƙo, gwauruwa, wanda bai iya karatu ba. An sa ku a gabansa ne ku tsare shi, ba ku ci shi ba. In akwai mai irin nawa sirinjin a ɓoye, ya fito da shi tun yau. Allah da ya karɓe ni zai karɓe shi, ina kuwa yi masa godiya.

Yarinyar tana aji uku yanzu. In ta gan ni a hanya takan rusuna ta ce, "Baba, ina wuni." Shekaranjiya Talatu ta aiko cewa yarinyar ta fara tambaya a kan ƙafarta. Ranar Asabar zan je. Ku tuna da ni a addu'a, amma ku fara da ita.