Kafaɗar Tuulikki da Hanyar Kurmin Kelovaara

Uwargida shugabar taro, Sirkka Jaakkola. Dattawan ƙungiyar makiyayan barewa, musamman Kawu Eelis da ke can kusa da butar kofi yana hararata. Mai girma fasto. 'Yan ƙungiyar keken karnuka. Maza da matan Kelovaara da kuka baro ɗumin gidajenku kuka cika zauren nan: barkanku da yamma.

Ina godiya da aka ba ni baki, ina kuma godiya ga matan da suka toya burodin da ya hana rabinku guduwa. Kun san ni, Reino ne mai rumfar nama da kifi. A hannun makiyaya nake sayen nama, masu karnuka nake sayar wa ƙashi da kan kifi. In kuka ɓata, ni zan fara ramewa. Don haka kada wani ya ce ba ni da ɓangare. Ina da shi, har guda biyu.

Yau za ku ɗaga hannu a kan hanyar kurmi da ta ratsa makiyayarku: a bar wa masu keken karnuka, ko a rufe. In an rufe, Tuulikki Rautio, wadda ke zaune a gaban nan da hannu a rataye, ba ta da inda za ta horar da karnukanta kafin ƙanƙara ta sauka, kuma ta gaya mini sai dai ta raba su ga mutanen kudu.

Na farko, makiyaya na da gaskiya. Kaka lokacin barbara ne. Kare ɗaya ya faɗa cikin garke, aikin shekara ya watse cikin fadama. Wanda bai taɓa bin sawun barewa da jiƙaƙƙen takalmi ba, kada ya koya musu haƙuri.

Na biyu, ku dubi abin da matar nan take hawa. Keke ne ba sirdi, ba feda, sai ɗan katakon da za a ɗora ƙafa, da igiya, da karnuka biyu da suka tsani tsayuwa. Na gan ta tana shan kwana a kan tsakuwa, gwiwa a lanƙwashe, taɓo har haɓa, tana tura ƙasa da ƙafa a hawan tudu don ta rage musu nauyi. Ba bulala, ba linzami. Da murya kawai take juya su, murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ni ko matata ba ta juyuwa da ita.

Na uku, abin da ya faru a gangaren Gadar Katako. Tana saukowa da gudu sai ga barewar Kawu Eelis sun tsallako hanya. Usva, tsohuwar karyar, ta ji umarni ta kau da kai. Pyry, matashin, bai ji ba. Ya fizga, ya ja Usva, ya ja keke. Birki a kan jiƙaƙƙiyar tsakuwa ado ne kawai. A gaban keken akwai ƙugiyar da in ka ja, igiya ta saku, kai ka tsira, karnuka su tafi abinsu. Domin haka aka yi ta. Tuulikki ba ta taɓa ta ba. Ta kayar da keken da gangan, ta kwanta a kansa, ta mai da jikinta turke. Suka ja ta a kan duwatsu har kafaɗa ta karye, ba ta saki ba, sai da garken ya shige kurmi.

Ni na kai Kawu Eelis asibiti ya duba ta. Ya tsaya a bakin gado da hula a ka, ya ce, "Ke 'yar Rautio, ba ki da hankali ne? Ga ƙugiya a gabanki!"

Ta ce, "Kawu, da na ja ta, yanzu kai ke kwance a nan saboda hawan jini."

Ya ce, "Karen nan naki ɗan iska ne."

Ta ce, "Ɗan iska ne. Shi ya sa ba na sakinsa."

Jama'a, ban ce ku amince da kare ba. Ni kaina ba na juya wa Pyry baya in ina yankan nama. Cewa na yi ku amince da wadda ke riƙe da shi. Ƙungiyarsu ta yarda: makonnin barbara ba wanda zai hau, sauran lokaci kuma sai an tambayi makiyaya inda garke yake. Ku bar musu hanya a kan wannan sharaɗi, ku bar wa matar nan karnukanta.

Kawu Eelis, na ga ka yarda, amma sauke hannunka tukuna, shugaba ba ta ce a fara ƙuri'a ba. Bari in yi addu'a.

Allah Ya ɗora kafaɗar Tuulikki. Allah Ya yawaita 'ya'yan barewa a bazara mai zuwa. Allah Ya saukar mana da ƙanƙara a kan lokaci, Ya shirya Pyry in mai shiryuwa ne, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.