Reshen Hagu

A tashar mota, inda aka sare wata tsohuwar bishiya don faɗaɗa titi, wata budurwa tana zana bishiyar a jikin bango. Wani dattijo ya tsaya a bayanta.

"'Yata, wannan wahalar ta mece ce? Bishiyar fenti ai ba ta inuwa."

"Baba, ranar da suka sare ta har dutse na ɗauka zan jefi motarsu. Sai na ga gara in ɗauki burushi."

"To, sun dawo da ita?"

"Ina fa! Amma tun da na fara, direbobin nan suka dasa sababbi can, kullum suna ba su ruwa."

"Kafin su yi inuwa na daɗe a ƙasa. Kuma kin yi kuskure. Reshen hagun nan ƙasa-ƙasa yake."

"Kai Baba, har reshe ka haddace?"

"A jikinsa mai ɗakina takan rataye jakarta, in tana jira in taso daga aiki. Gajeriya ce, Allah ya jiƙanta."

"Amin, Baba. Nuna min wurin."

"Sauko da shi. Ƙara kaɗan. Yauwa, nan hannunta zai kai, ba sai ta yi ɗage ba."