Ranar da Na Aje Fartanya a Wurin Gayya

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da fatan kana lafiya kai da masu sauraro. Ni manomin gero da albasa ne daga wani ƙauye kusa da Lambara.

Shekara shida ke nan jikina na ciwo, wuya, kafaɗu, ƙugu, ba kumburi ba rauni. Wanzami ya yi mini ƙaho har bayana ya cika da tabo. Ranar da na ji dama-dama sai in yi aikin kwana uku, sannan in kwanta mako guda. Mutane sunka ce lalaci ne.

Bana na tafi asibitin Shagari, ga shi magani ya yi wuya. Malamin asibiti ya danna wurare a jikina, duk inda ya taɓa sai na zabura. Ya ce, "Baba, ciwonka gaskiya ne. Ka riƙa gasa wurin da ruwan ɗumi, kana tattaki kullum, kuma ka bar aiki tun kana da sauran ƙarfi."

Ranar gayyar yayana, hantsi na yi na aje fartanya. Yaya ya ce, "Audu, tuwon kawai ka zo ci?" Anka yi dariya, na shanye. Washegari na yi sallah a tsaye, ba a zaune ba kamar yadda na saba bayan aiki mai yawa, na koma gonarsa ni kaɗai na ƙarasa rabona.

Shawara nike nema: yaya zan fahimtar da su? Ina gaishe da Yaya, na san rediyonsa na kunne. Yaya, ban guje maka ba, so nike in daɗe ina zuwa.