Turakun da Abdulra'uf Ya Kafa

Assalamu alaikum. Wakilin Sarkin Kance, ranka ya daɗe. Liman, Allah ya gafarta malam. Sarkin noma, mushen lakwal malamin makarantar boko, Baba Inusa da Inna Shekara mahaifan mamaci, dattawan Matameye, ina gaisuwa.

An ce ni Ummaru in yi magana, don tare muka tashi da Abdulra'uf. Ni ban daɗe a lakwal ba aka mai da ni gona. Shi ya wuce Damagaram, ya wuce Dakar, har malaman can suka ce in ya gama binciken da ya sa gaba za a kira shi dokotoro. Da ya dawo, tsohuwa Balki ta tare shi ta wage baki ya duba mata haƙori. Ya ce, "Iya, ni fara nake bincike." Ta ce, "Ashe fara ta fi mu gata!"

Ya kasance mai yawan tsugunno. Rana tsaka za ka same shi a gonar wani yana tonon ƙasa da cokali. Ya kasance mai jure ba'a, ana ce masa makiyayin fara yana amsawa. Ya kasance ba ya ce maka ka yarda sai ya nuna maka. Ni a hanyar Ɗan Barto ya nuna mini: ƙwan fara ne cunkushe cikin ƙasa, kamar ƙwayar shinkafa. Ya ce, "Barci suke, Ummaru. Ruwan farko suke jira, yadda muke jira." Duk inda ya same su da yawa sai ya kafa turke ya ɗaura jan ƙyalle, don a tono su rana ta kashe kafin shuka.

Sai magana ta tashi ran kasuwa, wai awon ƙasa yake wa Nasara, duk gonar da aka kafa wa turke kumandan mai mulkin yankin nan zai karɓe a noma masa gyaɗa. Mun san inda tsoron ya fito, mun ga aikin tilas. Turakun ƙauyen Icirnawa suka shige murhu. Na Ɗan Barto aka ɗaure awaki da su. Ana cikin haka zazzaɓi ya kayar da shi, bai tashi ba. Wuraren nan kuwa shi kaɗai ya san su, sai turakun.

Saura na gabas da gari, da na gonarka, Baba Inusa. Na ji an ba ka shawara ka tuge su bayan wannan sadaka don hankalin maƙwabta ya kwanta. Baba, don Allah kar ka tuge. Inna, zanenki kika ba shi ya yayyaga ya yi ƙyallayen nan, kin san ɗanki bai sayar da gonar kowa ba. Sarkin noma, kai ke kiran gayya, fatanyunmu suna rataye. Tsofaffin da ke zaune nan sun ga shekarar da fara ta bar kara tsirara, sun san yaran da suka binne. Jiya da la'asar iska ta juyo, na ga shamuwa ta sauka kan tsamiyar masallaci.

Mun gode wa duk wanda ya tako, na kusa da na nesa. Allah ya jiƙan Abdulra'uf, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyayensa haƙuri. Ya Ubangiji, kakanninmu ba su taɓa roƙonka wannan ba, yau mun roƙa: ka riƙe mana ruwan nan a sama, sai mun gama tono.

Liman, a yi mana Fatiha.